Hadarin Gabas da Daren Kashe Kaisar

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ko na kan hanyar Bichi, inda gona ke jingine da gona babu daji a tsakani, yaro ɗan shekara goma ba ya jiran a gaya masa za a yi ruwa. Tun hantsi zafin bazara ke matse mutane, gumi na tsattsafowa ko a gindin darbejiya. Bayan la'asar sai gabas ta fara baƙi. Iska ta ɗauke ɗif, kaza ta ja 'ya'yanta gindin rumbu, a riƙa jiyo cida can nesa. Sai jar ƙura ta taso ta sha gaban hadarin, tana kwasar leda da karmami. Uwa ta leƙo daga ɗaki: "Ke, kwashe shanyar nan! Kai kuma maza kaɗo awakin." Kowa ya san abin da ke tafe. Kowa kuma ya san ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba, wani iska ce ke watsa shi, wani ya tsallake gari ya je ya zuba a gonakin mutanen yamma.

Yaron nan ne zai girma ya kai babbar sakandare, malamin adabin Ingilishi ya miƙa masa wasan kwaikwayon Shakespeare, gabansa ya faɗi. Turancin ya tsufa da shekara ɗari huɗu, sunayen ba su kama baki, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan karatun 'yan birni ne. Ya yi gaggawa. Ɗaya daga cikin manyan dabarun wasannin ban-tausayi ita ce marubuci ya dasa alamar masifa tun kafin ta iso, ya yi wa mai kallo hannunka-mai-sanda, kuma sau da yawa a sararin sama yake dasa ta. Wanda ya tashi yana duban gabas da yamma, yana jin manya na musu kan ko wannan ruwan ya kai shuka ko bai kai ba, ya riga ɗan Fagge ko Sabon Gari shiga wannan aji.

Akwai dalilin da ya sa sama ke yawan magana a waɗannan wasanni, kuma dalilin na gini ne kafin ya zama na hikima. Gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599 ba shi da rufi a tsakiya, kuma da rana ake wasa. Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Thomas Platter, ya rubuta cewa ya kalli wasan Kaisar a Landan ranar 21 ga Satumba 1599, wajen ƙarfe biyu na rana. Babu lantarkin da za a kashe a ce dare ya yi. In ana son tsawa, sai a buga ganga ko a mirgina ƙwallon igwa a kan katako; in walƙiya ce, a watsa garin ƙaro a harshen wuta. Sauran aikin duk bakin 'yan wasa ne zai yi shi. Dole wani ya fito dandamali ya faɗi abin da ya gani a sama, kuma a yadda zai faɗe shi ne mai kallo ke gane ko shi wane irin mutum ne.

Wasan Julius Caesar shi ne inda wannan dabara ta fi fitowa fili. Labarin na gaske ne: an kashe Kaisar a Rum ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shakespeare ya samo shi daga littafin Plutarch, wanda Thomas North ya juya zuwa Ingilishi a 1579, kuma a can ma an ambaci abubuwan al'ajabi da aka ce an gani kafin kisan. Shi kuwa ya tattaro su ya ɗura a dare guda, ya ɗora musu tsawa da walƙiya, sannan ya riƙa turo mutane ɗaya bayan ɗaya cikin daren.

Na farko Kaska ne, a kashi na ɗaya fitowa ta uku. Sa'o'i kaɗan kafin nan an gan shi yana ba'a, yana yi wa talakawa dariyar raini, ba abin da ya dame shi. Yanzu ga shi da takobi tsirara, numfashi sama-sama. Ya ga bawa hannunsa na ci da wuta bai ƙone ba. Ya yi kiciɓis da zaki kusa da majalisa, zakin ya harare shi ya wuce. Mata sun rantse masa sun ga mutane na yawo cikin wuta, jiya kuma mujiya ta sauka a kasuwa da tsakar rana tana kuka. Wanda yake ba wa labarin dattijo ne, Sisero, wanda ya saurare shi tsaf, ya nuna masa cewa mutane kan fassara abu yadda ransu ke so ko da ainihinsa ya saɓa, sannan ya tambayi ko Kaisar zai fito majalisa gobe, ya kama hanyar gida don wannan ba daren yawo ba ne. Magana kaɗan aka ba Sisero a duk wasan, amma ɗalibin da ya riƙe ta ya riƙe linzamin abin da zai biyo baya.

Domin kafin ƙurar Sisero ta kwanta sai ga Kasiyas, uban makircin kashe Kaisar. Shi daren ya yi masa daɗi. Ya kwance gaban rigarsa yana yawo, yana tara ƙirji ga walƙiya, kuma nan take ya mayar da tsoron Kaska jari: sama ba fushi take da kowa ba, in ji shi, gargaɗi take a kan mutum guda da ya yi girman da ya wuce kima. Bai ko kama suna ba, Kaska ya gane, ya ba da hannu. Hadari ɗaya, mutum uku, fassara uku, kuma wanda ya fi kowa tabbaci a cikinsu shi ne mai wuƙa a aljihu.

Burutus, wanda Kasiyas ke neman jawowa cikin makircin, yana lambunsa bai runtsa ba. Gajimare ya rufe taurari, ya kasa gane saura nawa gari ya waye. Yaronsa ya kawo masa wasiƙar da aka jefo ta taga, ya karanta ta da hasken wutar da ke gilmawa a sama, ya ɗauka muryar mutanen Rum ce ke kiransa. Wasiƙar jabu ce, Kasiyas ya sa aka rubuta. A nan ne kuma aka saka wani ɗan guntun zance da masu taƙaita wasa kan yar da shi, alhali duk ɗan manomi da ya karanta sai ya yi dariya. Masu maƙarƙashiyar sun taru, Burutus da Kasiyas sun koma gefe suna raɗa, sauran kuwa suka ɓarke da musu a kan ina ne gabas. Wannan ya nuna nan, wancan ya goyi bayansa, Kaska ya ɗaga takobi ya ce a'a, can ne. Mutanen da suka ɗauki alkawarin fito wa Rum da sabuwar rana ba su ma daidaita kan inda rana ke fitowa ba. A Gezawa ko Minjibir, wanda bai san gabas ba ko limancin yara ba za a ba shi ba.

Da asuba an koma gidan Kaisar, tsawa ba ta daina ba. Matarsa Kalfurniya ta yi mafarkin gunkinsa na tsiyayar jini, mutanen Rum na wanke hannu a ciki suna murmushi. Masu gadi sun kawo labarin an ga mayaƙa na gwabzawa cikin gajimare. Bokayen fada sun yanka dabba ba su sami zuciya a cikinta ba. Ta durƙusa ta roƙe shi, har ya yarda ya zauna a gida. Sai Desiyas ya shigo, ɗaya daga cikin masu maƙarƙashiyar, ya ji mafarkin, ya juya shi kamar waina: ai wannan alheri ne, jinin Kaisar ne zai raya Rum, kuma yau majalisa ke shirin ba shi kambin sarauta, in bai je ba za a ce tsoron mafarkin mace ya hana shi. Kaisar ya ce a miƙo masa alkyabba. Yana tsaye a majalisa yana kamanta kansa da tauraron arewa da ba ya gushewa daga wurinsa aka fara caka masa wuƙa.

Abin lura ga mai karatu shi ne tsawar ba ta kashe kowa ba. Ko ɗigon jini bai zuba ta dalilinta ba. Abin da ta yi shi ne ta tilasta wa kowa ya buɗe baki, matsoraci ya nuna tsoronsa, mai buri ya nuna burinsa, mai girman kai ya zaɓi fassarar da ta fi faranta masa. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma haka wadda za ta ɓaci. Sai dai a wasan ban-tausayi mai kallo ne ke ganewa tun Laraba, su kuwa na kan dandamali sai liman ya sallame. Daga wannan tazarar tausayin ke fitowa.

Wani ɗalibi zai tsaya a nan da damuwa, kuma damuwarsa tana da tushe. Ashe wannan ba camfi ba ne? A Islamiyya an karantar da shi cewa rana ta yi husufi ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Yayyensa kuma suna ba da labarin hantsin Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina, ta dushe a ƙasar Kano, aka yi salla, ta washe, kowa ya koma harkarsa. Amsar ita ce saman da ke cikin wasa ba saman Allah ba ce. Mutum ne ya zauna da alƙalami ya rubuta "tsawa" a gefen takarda, ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa marubuci ya sa tsawa a nan bai sa a can ba, sana'ar marubucin yake bincike, ba duba yake ba.

Shakespeare ma kansa ya sa wannan muhawara a bakin mutanensa. A King Lear, wanda aka yi a fadar Sarki James ranar 26 ga Disamba 1606, shekara guda bayan husufin wata da na rana da aka gani a Ingila a kakar 1605, dattijo Gulosta yana cewa husufin nan ba alheri suke nunawa ba. Yana ba da baya ɗansa Edmund ya fashe da dariya, yana mamakin yadda mutane ke aikata ɓarna da hannunsu su ɗora wa taurari. Maganar yaron ta fi ta uban hankali. Matsalar ita ce shi ne ya ƙirƙiri wasiƙar ƙarya da ta rikita tsohon tun farko. Marubucin bai sauƙaƙa wa kowa ba, kuma ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa "Shakespeare ya yarda da camfi" ko "bai yarda ba" ya amsa tambayar da wasan ya ƙi amsawa.

Ba kullum ne alamar ke zuwa da rugugi ba. Macbeth ya buɗe da tsawa da mayu uku, wannan ko makaho ya gani. Wanda ya fi sa tsigar jiki tashi shi ne isowar Sarki Dankan gidan da za a yanka shi a daren: yana yaba daɗin iskar wurin, abokin tafiyarsa na nuna tsuntsayen da suka yi sheƙa a jikin ganuwa, alamar lafiyayyen waje. A Othello kuwa, wanda ɗaliban adabi suka yi jarrabawar WAEC a kansa daga 2016 zuwa 2020, guguwar teku ta tarwatsa jiragen yaƙin Turkawa a farkon kashi na biyu. Yaƙi ya ƙare ba a harba kibiya ba, ango Othello da amaryarsa sun haɗu lafiya a tsibirin Saifurus, ana ta murna. Manomin ƙasar Kano ya san irin wannan murna: ruwan farko ne mai yaudara, wanda ke saukowa a watan Mayu ya jiƙa ƙasa, a fita da iri a shuka, gero ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku tsiron ya ƙone. Abokin gaba na waje ya nutse a teku, na cikin gida, Iyago, ya sauko daga jirgi ɗaya da amarya.

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a sami irin wannan. Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, ya rubuta The Swamp Dwellers yana saurayi, aka fara yin sa a 1958. Wasan a ƙasar fadama ta kudu yake, inda ruwa ya yi yawa har ya cinye gonar Igwezu, saurayin da ya dawo daga birni bayan tagwaininsa ya raba shi da matarsa, bashi kuma ya yi masa katutu. Amma wanda ya fi tsayawa a rai a wasan makaho ne Musulmi, almajiri daga Arewa, da ya biyo kogi yana neman ƙasar da zai noma. Ya ba da labarin garinsu, inda fari ya daɗe har mutane suka koma bara. Wata shekara ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, kowa ya ɗauki fartanya, sai da amfani ya kusa nuna fara ta sauko ta share komai. Mutum biyu, ɗaya rashin ruwa ya kore shi, ɗaya yawansa, suna zaune ɗaki guda. Jikan wanda ya ga farin 1973, shekarar da ruwan Kano ya tsaya wajen rabin abin da aka saba, ko ya ji tsofaffi na ambaton yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ba ya bukatar malami ya fassara masa wannan makaho.

Masu sha'awar rubutu su ma akwai rabonsu a nan, musamman waɗanda ke rubuta labarai a waya suna rabawa a WhatsApp, da masu burin shiga Kannywood. Fitattun wasannin Hausa da ake karantawa a makaranta, irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada, Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, fagensu cikin gida ne da zaure da gaban alƙali, kuma sun yi aikinsu da kyau. Gona da samanta har yanzu fili ne da ba a gama sharewa ba. A fim, ruwan sama ya fi zuwa lokacin waƙa da rawa, ko lokacin da jaruma ke kuka, wato ado ne kawai. Alhali ga kaya jibge: zuwan shamuwa, gawo da ke kaɗe ganye da damina sauran itatuwa na tohuwa, magidancin da ya yi binne ya zuba irinsa na ƙarshe a busasshiyar ƙasa yana jiran sama, ciwon da ya kama gyaɗa a 1975 ya durƙusar da nomanta a ƙasar Kano. Wanda ya sa 'yan'uwa biyu suna rigimar gadon gona, ya bar su suna musu kan ko hadarin da ya haɗo zai zuba, ya riga ya gaya wa mai karatu wane ne mai haƙuri, wane ne mai garaje, ba tare da ya yi wa'azi ba. Harshen ma ba shinge ba ne. Julius Nyerere ya juya wasan Kaisar zuwa Suwahili a 1963 yana kan mulkin Tanganyika, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya kawo wa Hausa wasan Shakespeare Daren Sha Biyu a 1971.

Abin da ke cutar ɗalibai ba wuyar Turanci ba ce kaɗai, ƙananan littattafan taƙaitawa ne da ake sayarwa a bakin makaranta. Suna da amfaninsu daren jarrabawa, amma layi ɗaya suke ba wa duk wannan: guguwa na nuna rikicin da ke tafe. Dubban ɗalibai za su rubuta wannan layin, mai maki ya gaji da ganinsa. Gara a sami ainihin wasan, ko kwafi ɗaya ne a aji, a raba sunaye, a karanta da ƙarfi a gindin bishiya, duk inda aka ambaci sama a tsaya a tambayi wa ke magana, me yake so, kuma me ya same shi daga baya. Tambayar ƙarshen ce takan biya wahala.

Kasiyas ne shaida. Mutumin da ya tara ƙirji ga walƙiya a kashi na ɗaya, a kashi na biyar a filin yaƙin Filifi ya ja abokinsa gefe ya faɗa masa cewa ya fara canza ra'ayi. Gaggafa biyu da suka biyo rundunarsa suna cin abinci a hannun sojoji sun tashi da safen nan, hankaki da shirwa sun maye gurbinsu suna shawagi a kansu. Ranar kuma ita ce ranar haihuwarsa. Da yaƙi ya yi zafi ya aiki amininsa Titiniyas ya dubo ko wata runduna da ke can nesa tasu ce. Shi idonsa ba ya gani da nisa, don haka ya sa bawansa ya hau tudu ya riƙa faɗa masa. Bawan ya ga mahaya sun kewaye Titiniyas, ya ji sowa, ya ce an kama shi. Kasiyas ya miƙa masa takobin da ya soki Kaisar da shi ya ce ya soke shi. Sowar ta murna ce. Mutanen Burutus ne suka tari Titiniyas da albishirin nasara, har suka ba shi kambin ganye ya kai wa ubangidansa.

Titiniyas ya dawo ya tarar da gawa, ya dubi yamma ya ga rana na faɗuwa jajir, ya haɗa faɗuwarta da ta Kasiyas, ya kashe kansa da takobin. Layuka kaɗan bayan haka Burutus ya iso, ya ce ƙarfe uku ne, kafin dare za su sake gwada sa'a. Rana ta faɗi, kuma ƙarfe uku ne na rana, a fitowa guda. A tarihi yaƙin Filifi karo biyu aka yi shi a watan Oktoba na shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kwana ashirin a tsakani. Shakespeare ya matse su a wuni ɗaya, yana bukatar faɗuwar rana don Kasiyas, yana kuma bukatar sauran haske don Burutus ya yi yaƙinsa na ƙarshe, sai ya ɗauki duka biyun.